Babi na Shida: Büsingen, Ƙauyen Jamus da Ke Tsakiyar Suwizalan

A gaɓar arewa ta Kogin Rhein, tsakanin Tafkin Konstanz da babbar mafaɗar ruwan nan ta Rheinfall, akwai wani ƙauye da ake kira Büsingen. Faɗin ƙasarsa murabba'in kilomita 7.62 ne, mutanensa kuma kimanin 1,500. Wanda ya ratsa ta cikinsa zai ga gonaki da kurmi da 'yan tuddai, da gidaje jere a bakin ruwa, da wata tsohuwar majami'a a kan tudu can bayan gari, kamar dai yadda zai gani a kowane ƙauye na yankin. Sai an buɗe taswira ake gane inda ya fita daban. Büsingen yanki ne na Jamus, a gundumar Konstanz ta jihar Baden-Württemberg, amma babu hanyar da mutum zai bi daga can ya shiga sauran Jamus bai taka ƙasar Suwizalan ba. Jihar Schaffhausen ta rungume shi ta yamma da arewa da gabas, a ƙetaren kogi kuma jihohin Zürich da Thurgau ne. Iyakar da ta zagaye shi ta ɗara kilomita 17 kaɗan, an shata ta da duwatsu 123, ɗaya daga ciki yana cikin ruwan kogin. Inda ya fi kusa da sauran Jamus tazarar ba ta wuce mita 700 ba, amma wannan ɗan zirin ƙasa ya gagari sarakuna da ministoci fiye da shekara 250.

Yawancin masu ba da labarin Büsingen suna ɗaukarsa abin nishaɗi, su lissafa abubuwan ban mamakinsa su wuce. Abin da ya fi cancanta a tsaya a kai shi ne yadda aka yi ƙauyen da tarihi ya jefa cikin irin wannan tsaka mai wuya yake zaune lafiya, yana da makaranta da ruwan famfo da hanyoyi masu kyau, babu soja a ƙofarsa, babu mai shingen karɓar haraji a bakin gonarsa. Hujjar da wannan babi zai kafa ita ce: idan iyaka ta ƙi gyaruwa, ana iya gyara mulki ya bi yadda mutane suke rayuwa, kuma hakan yana yiwuwa ne inda ƙauye yake da hukumarsa ta kansa wadda doka ta san da ita, mai bakin magana da baitulmali da wa'adin zaɓe. Kafin a kai ga wannan, dole a san yadda aka haifar da matsalar.

Sunan ƙauyen ya fara bayyana a rubuce a shekarar 1090, lokacin da wani basarake daga gidan Nellenburg ya ba da shi kyauta ga gidan ibadar Allerheiligen da ke Schaffhausen. Tun daga farko ke nan fuskarsa tana kallon wannan birni, wanda yake manne da shi ta yamma. Majami'ar St. Michael da ke kan tudu, wadda gininta ya samo asali tun wajen ƙarni na 11, ta taɓa zama uwar majami'a ga mutanen yankin har da na Schaffhausen ɗin. Sai dai a zamanin, ikon ƙasa hawa-hawa yake: wani ke da gona, wani ke da ƙaramar shari'a, wani kuma ke da babbar shari'a da sarautar ƙasa. A 1465 masarautar Nellenburg ta koma hannun gidan Habsburg na Ostiriya, saboda haka babban iko a kan Büsingen ya zama na Ostiriya, alhali hakimcin ƙauyen yana hannun manyan gidajen Schaffhausen. Da birnin ya karɓi aƙidar Furotesta a 1529, Büsingen ya bi shi, Ostiriya kuwa tana nan a Katolikarta. Haka ƙauyen ya zauna da addinin wani ubangida da sarautar wani, kuma an daɗe ana lallaɓawa ba a samu abin da ya fasa ba.

Abin ya fashe a 1693. Hakimin ƙauyen a lokacin, Eberhard Im Thurn, ɗan wani babban gida ne na Schaffhausen, kuma ana zarginsa da karkata zuwa Katolika a ɓoye. Danginsa na jini suka sace shi daga Büsingen, suka kai shi birni, aka jefa shi kurkuku. Ga mahukuntan Schaffhausen wannan rigimar cikin gida ce da ta addini. Ga Ostiriya kuwa an shiga ƙasarta an ɗauke mata hakimi, kuma wannan raini ne da ba za ta haɗiye ba. Ta janye ikon da ta jinginar wa birnin a kan ƙauyukan da ke kewaye, ta matsa lamba har aka saki mutumin a 1699 bayan shekara shida a tsare. A 1723 Schaffhausen ta sake sayen ikon waɗannan ƙauyuka da kuɗi masu yawa, amma Ostiriya ta cire Büsingen daga cinikin don ya zame wa birnin abin ɓacin rai. A 1770 kuma ta sayar wa Zürich ikonta a kan maƙwabtan ƙauyukan Dörflingen da Ramsen, ta sake riƙe Büsingen. Daga ranar ƙauyen ya zama tsibiri a kan tudu. Babu manomin Büsingen da aka tambaya ra'ayinsa a cikin duk wannan, kuma babu kogi ko dutse ko bambancin harshe da ya tilasta a ja layin a inda aka ja shi. Fushin masu mulki ne kawai ya daskare ya zama iyaka.

Yaƙe-yaƙen Napoleon sun sauya wa ƙauyen ubangida, ba su sauya masa hali ba. Yarjejeniyar Pressburg ta 1805 ta miƙa shi ga Württemberg, a 1810 ya koma Baden, ta nan kuma ya shiga Daular Jamus daga baya. A watan Yulin 1849 aka ga irin haɗarin da ke tattare da zamansa haka. Ana cikin murƙushe wani juyin juya hali da ya ɓarke a Baden, sai wata rundunar sojojin Hessen ta hau jirgin ruwa mai tururi daga Konstanz ta gangaro Büsingen neman waɗanda ake zargi da tawaye, ta ratsa ruwan Suwizalan ba tare da izini ba. Suwizalan ta tara dakaru a kan iyaka, ta hana jirgin komawa da su, sai da aka yi kwanaki ana tattaunawa kafin a ba su hanyar fita ta ƙasa. Manoman ƙauyen kuwa damuwarsu ta fi wannan sauƙi kuma ta fi shi daɗewa: kasuwarsu Schaffhausen ce, amma kwastan yana tsakani. An yi yarjejeniya a 1895 da ta sauƙaƙa musu kai amfanin gona can. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 1918, suka yi ƙuri'ar raba gardama, kashi 96 cikin ɗari suka zaɓi a haɗe su da Suwizalan. Ba a yi ba, domin Jamus tana son a musanya mata da wani yankin, Suwizalan kuwa ba ta da yankin da za ta bayar.

Mafitar da aka samu daga ƙarshe ta biyo ta wata hanya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da yankin yake ƙarƙashin mamayar Faransa, ƙauyen ya roƙi gwamnatin Suwizalan ta ɗage shingen kwastan da ya zagaye shi, kuma aka ɗage shi daga 1 ga Janairun 1947. An zauna a haka shekara ashirin bisa fahimtar juna kafin a ɗaure abin da doka. Yarjejeniyar da Jamus ta Yamma da Suwizalan suka sa wa hannu ranar 23 ga Nuwamban 1964, ta fara aiki ranar 4 ga Oktoban 1967, ta bar sarautar ƙasa a hannun Jamus, ta shigar da ƙauyen cikin yankin kwastan na Suwizalan. Ma'anar wannan ita ce an rarraba doka fanni-fanni. Kwastan da harajin saye da sayarwa da ƙa'idojin noma da na lafiyar abinci duk na Suwizalan ne. Zama ɗan ƙasa da zaɓe da harajin kuɗin shiga da tsarin hukumar gari na Jamus ne. 'Yan sandan ƙasashen biyu suna iya aiki a ƙauyen, kowa a fanninsa, an kuma ƙayyade adadin masu kaki da za su kasance ciki a lokaci guda. Aka kafa kwamitin haɗin gwiwa na ƙasashen biyu don duba duk abin da ya taso daga baya. Har yau Büsingen yana cikin Tarayyar Turai a siyasance, amma yana wajen yankin kwastan ɗinta.

Daga wannan rabon ne abubuwan da ake ba da labari suka fito, kuma kowannensu amsa ce ga wata buƙata. Ƙauyen yana da lambar gidan waya biyu, 78266 ta Jamus da 8238 ta Suwizalan, don kada wasiƙar da za ta je birnin da ke maƙwabtaka ta biya kuɗin ƙasar waje. Ana kiransa da lambar waya ta ƙasashen biyu. Yuro ne kuɗin hukuma, amma faran na Suwizalan ya fi yawo a hannu, tunda da shi ake biyan yawancin ma'aikata a wuraren aikinsu. Motocinsa suna ɗauke da lamba ta musamman mai haruffan BÜS, domin jami'in kwastan ya gane su da gani ɗaya. Yara suna yin firamare a ƙauyen, daga nan iyaye su zaɓa musu makarantar Jamus ko ta Suwizalan. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta FC Büsingen tana buga wasa a gasar Suwizalan. A 1980, da Jamus ta Yamma ta fara matsar da agogo gaba da awa ɗaya a lokacin zafi, Suwizalan kuma ba ta bi ba sai a 1981, ƙauyen ya bar agogonsa daidai da na Schaffhausen, saboda can mutanensa suke zuwa aiki da asuba.

Yarjejeniya tsakanin ƙasashe takarda ce, wani ne zai aiwatar da ita kullum, kuma a nan ne hukumar gari take shigowa. Jamus tana da irin waɗannan hukumomi da ake kira Gemeinde fiye da 10,000, idan aka kwatanta da ƙananan hukumomi 774 na Najeriya, abin da ke nuna cewa a can ƙauye guda yana iya zama hukuma cikakkiya. Sashe na 28 na kundin tsarin mulkin 1949 ya ba kowacce ikon gudanar da dukkan al'amuran al'ummarta da kanta a cikin iyakar doka, kuma tana iya kai ƙara kotun tsarin mulki idan aka tauye mata wannan iko. A Baden-Württemberg mutanen gari ne suke zaɓen magajin gari kai tsaye, wa'adinsa shekara takwas, shi ne shugaban ma'aikata kuma shi ne shugaban majalisa. Kansiloli ana zaɓensu duk shekara biyar, aikin sa kai suke yi, kuma ƙauye mai yawan mutanen Büsingen yana da goma. Mai shekara 16 yana jefa ƙuri'a, yana iya tara wa ɗan takara ɗaya ƙuri'a har uku, ko ya tsinto sunaye daga jerin ƙungiyoyi daban-daban, abin da ya sa halin mutum yake fin tutar jam'iyya nauyi. Tun 2020 Vera Schraner ce magajiyar garin Büsingen.

Aikin wannan hukuma ba mai ɗaukar ido ba ne: rajistar haihuwa da aure da mutuwa, ruwan sha da magudanar ƙazanta, hanyoyin cikin gari, gidan renon yara, ginin makarantar firamare, 'yan kwana-kwana na sa kai, maƙabarta, da tsara inda za a yi gini da inda za a bar wa noma. Kuɗin yin haka yana fitowa daga harajin kasuwanci da harajin filaye, waɗanda kowace majalisa ce take yanke yawansu, da kashi 15 cikin ɗari na harajin kuɗin shiga da ake raba wa hukumomin gari, da kason da jiha take bayarwa. Büsingen kuma yana samun kaso daga harajin saye da sayarwa da Suwizalan take karɓa. Muhimmancin wannan iko ya fito fili a shawarar da majalisar ƙauyen ta yanke ta daina karɓar harajin filaye gaba ɗaya, abin da 'yan hukumomi ƙalilan ne suke yi a faɗin Jamus. Ta yi haka ne don rage wa mutanenta nauyin da zamansu tsakanin ƙasashe biyu ya ɗora musu. Wani jami'i a hedikwatar jiha ko ta tarayya ba zai taɓa farawa da wannan tunani ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mai suka na farko zai ce duk wannan kwaskwarima ce, tunda mutane sun faɗi abin da suke so a 1918 aka ƙi ba su. Wannan suka tana da ƙarfi, kuma akwai abin da ya ƙara mata ƙarfi. Mutanen Büsingen suna bin dokokin Suwizalan a fannoni da dama alhali ba su da ƙuri'a a majalisar da take yin dokokin, kuma ɗan Suwizalan da ke zaune a ƙauyen, in ba shi da takardar zama ɗan wata ƙasa ta Tarayyar Turai, ba ya zaɓen magajin gari. Wannan giɓi ne na gaske. Amma ya kamata a duba abin da masu ƙuri'ar 1918 suke nema. Manoma ne da ma'aikata da shingen kwastan ya raba da kasuwarsu da wurin aikinsu a ƙarshen yaƙin da ya talauta Jamus. Yarjejeniyar 1967 ta ba su kasuwar da aikin. Sauya iyaka kuwa yana buƙatar amincewar ƙasashe biyu, kuma an gwada an kasa. A ranar da yarjejeniyar ta fara aiki an miƙa wa Suwizalan wani ɗan yankin Jamus mai suna Verenahof, mai gidaje 'yan kaɗan, ta hanyar musayar filaye. Büsingen ya fi ƙarfin irin wannan musaya. Da an ce sai an warware batun sarauta kafin a taɓa batun madara da alkama da albashi, da har yau ana jira.

Mai suka na biyu zai ce mutum 1,500 ba su isa a kafa musu hukuma da magajin gari da ma'aikata ba, ɓarnar kuɗi ce. Jamus kanta ta taɓa karɓar wannan hujja. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa ƙarshen na 1970 an haɗe ƙananan hukumomin Jamus ta Yamma, suka ragu daga kimanin 24,000 zuwa kimanin 8,500, a Baden-Württemberg kuma daga fiye da 3,300 zuwa kimanin 1,100. Gaskiya ne ƙauye ba zai iya ɗaukar ƙwararre a kowane fanni ba. Sai dai akwai hanya ta tsakiya, kuma ita Büsingen yake kai. Yana cikin ƙawancen gudanarwa da Gottmadingen da Gailingen, inda babbar cikinsu take yi wa sauran wasu ayyukan ofis da na tsare-tsare, gunduma kuma tana ɗauke da abin da ya fi ƙarfinsu duka, amma majalisa da kasafin kuɗi da magajin gari suna nan a ƙauyen. Da an mayar da shi unguwa a cikin wata babbar hukuma da ke ƙetaren ƙasar Suwizalan, da matsalolinsa, waɗanda babu wani gari a Jamus mai irinsu, sun zama abu na ƙarshe a ajandar mutanen da ba su shafa ba. Ana iya haɗa ofisoshi don rage kashe kuɗi ba tare da an ƙwace wa ƙauye ikon yanke shawara ba.

Suka ta uku ita ce mafi nauyi, domin daga cikin ƙauyen take fitowa. Mai aiki a Büsingen yana sayen kaya da tsadar Suwizalan, yana biyan harajin kuɗin shiga na Jamus, wanda ya fi na Suwizalan yawa. An ba mazauna rangwame na musamman a harajin, amma bai rufe ramin ba, shi ya sa matasa masu aiki da yawa suke ƙaura zuwa ƙauyukan Suwizalan da ke kusa, masu fansho kuma suke shigowa, har yawan tsofaffi ya rinjaya. Wannan yana nuna iyakar abin da hukumar gari take iyawa: ta yafe harajin da ke hannunta, amma harajin kuɗin shiga na tarayya ne, sai dai ta yi ta kai kuka. Haka kuma wani zai ce arzikin maƙwabta ne ya rufa wa tsarin asiri. Arziki ya taimaka, babu musu, amma shi kaɗai bai isa ba. Campione d'Italia, yankin Italiya da shi ma yake cikin Suwizalan, ya dogara da gidan caca guda ɗaya. Da gidan ya karye a 2018 hukumar garin ta faɗa cikin bashi, kuma daga 1 ga Janairun 2020 aka mayar da shi cikin yankin kwastan na Tarayyar Turai, abin da ya sa shinge tsakaninsa da maƙwabtan da yake rayuwa da su. Maƙwabcin ɗaya ne, arzikinsa ɗaya ne, amma sakamakon ya bambanta.

Idan aka haɗa waɗannan, Büsingen bai warware matsalarsa ba, ya dai mayar da ita abin da za a iya zama da shi, kuma abubuwa uku ne suka sa hakan ya yiwu. Ƙasashen biyu sun yarda su raba batun sarauta da batun rayuwar yau da kullum. Sun rubuta rabon dalla-dalla a yarjejeniyar da ta wuce shekara hamsin tana aiki. Sannan a ƙarƙashinsu akwai zaɓaɓɓiyar hukumar ƙauye mai kuɗinta da ikonta, wadda take ganin inda takarda ta saɓa da zahiri ta kuma yi magana. Batun haraji da ƙaurar matasa yana nan ba a gama da shi ba, kuma alhakin gama shi yana wuyan gwamnatin tarayyar Jamus. Amma duk mai son sanin ko mulkin wata ƙasa ya kai ga talakanta, ya duba ƙauyenta mafi nisa da mafi wahalar sha'ani, ya tambaya ko mutanensa suna da hukumar da suka zaɓa, ko tana da kuɗin da take yanke shawara a kai, ko kuma ana sauraronta idan ta yi magana. A Büsingen amsar biyun farko e ce, ta ukun kuma rabi da rabi.